Mai Gadin Mikiya

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma dai lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ni kuma na dawo Daura daga jami'a ina jiran kiran bautar ƙasa. Na tarar ƙannena sun samu gem, irin mai kaset ɗin nan da ake jonawa da talabijin, wanda kawunmu ya kawo musu daga Maraɗi. Idan hoto ya ƙi fitowa sai a zare kaset a hura masa iska a mayar. Har yau ban san ko hurawar na da amfani ba.

Akwai wasan tseren babur, akwai na bindigar harbin agwagi. Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne na tankokin yaƙi. Mutum biyu ke yi, kuma ba da juna suke faɗa ba: wata mikiya ce a cikin ginin bulo suke karewa tare daga tankokin abokan gaba. Idan harsashi ya same ta an gama, ko da naka ne. Ina ganin, ko da yake zan iya yin kuskure, ban taɓa ganin wasa mai adalci kamarsa ba. Ƙanwata ta fi mu iyawa duka.

A kwanakin ana ta maganar 'yan karta a unguwa. Wata rana bayan azahar Baba ya kira ni.

"Kai da ka yi karatu, abin nan caca ne ko ba caca ba? In caca ne, yau zai bar gidan nan."

Na ce, "To Baba, a iya sanina ba a sa komai a ciki. Amma ta wani ɓangaren, akwai ci da rashin ci, don haka ba zan yanke..."

"Digiri guda, amsa babu. Miƙo min abin."

Ƙanwata Auta ta ba shi abin latsawa ɗaya. Ta nuna masa maɓallin tafiya da na harbi. Harbinsa na farko ya rushe bangon mikiyar, na biyu ya kashe ta.

Auta ta ce, "Baba, taka ce fa!"

"To me ya sa ba ta yi magana ba? Sake."

Aka sake. Wannan karon ya ajiye tankarsa a ƙofar ginin, ya ƙi motsawa. Baba ya yi shekaru yana rakiyar shanu zuwa kasuwar Mashi, kuma a bayan garke yake tsayawa kullum. Haka ya yi a nan.

"Je ki kore su, Auta. Wanda ya ɓalle nawa ne."

Ita tana zagaye fili, shi yana tare duk wadda ta sulalo. Sun wuce matakin da ni da ita ba mu taɓa wucewa ba, saboda ni kullum sai na ruɗe na bi ta a baya.

Da aka kira la'asar ya miƙe yana gyara hula. Mu duka muka zuba masa ido.

"Ba caca ba ce, kiwo ne. A rage kiɗan nan, a tashi in an kira salla."

Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Auta, kar ki kashe gem ɗin. Kai kuma malam, kar ka taɓa min tanka."