Tuwon Sabe a Mamudo

Shekarar da na fara aikin malamin gona, zamanin Turawa, ina da gajeren wando na kaki, da keke, da littafi mai zanen ganyaye. Shinkafa ce dai ban sani ba. Gidanmu 'yan tireda ne, asalinmu Kano, a cikin garin Potiskum na tashi, kuma a kwano kawai nake ganin shinkafa. Amma horon 'yan watanni ya ishe ni in riƙa yi wa manoma kallon marasa wayo.

Baturen gona ya tura ni ƙauyen Mamudo in samu gonar gwaji a fadama, in koya wa mutane cire ciyawa da wuri. Mutanen wurin ba sa dashe, yafa iri suke yi, shinkafa da ciyawa su fito tare a cakuɗe. Ba wanda ya yarda ya ba da gonarsa, sai bulama, wato mai garin, ya nuna min ta wata tsohuwa 'yar Karai-Karai da mijinta ya rasu, don ita ce ba ta da mai tsaya mata. Ɗan fili ne, amma shi ne abincinta na shekara, ita da jikokinta biyu.

Aka tara min maza shida. Na tsaya a kan tudu da takalmina, na ƙare wa gonar kallo. Tsiro iri biyu na gani: ɗaya dogo, kore shar, cike da ƙoshin lafiya, ɗaya kuwa siriri abin tausayi. A hankalina na mai ilimi, ba yadda za a yi abinci ya fi ciyawa rama. Na ce a tuge siraran.

Mazan suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Malam, waɗannan za mu cire?"

"Kai za ka koya min aikina?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Suka duƙa. Ban taɓa ganin an bi umarnina da himma irin ta ranar ba.

Tsohuwar ta iso da sauri, ta tsinko tsiro ɗai-ɗai daga kowane iri, ta miƙo min. "Ɗana, taɓa nan, inda ganye ya kama kara. Shinkafa yana da ɗan gashi. Wannan sumul ɗin, sabe ne."

Na ji alamar gaskiya a muryarta. Amma maza shida na kallona, ga kaki a jikina. Na zura hannuwana a aljihu, na ce, "Iya, ki bar masu karatu su yi aikinsu." Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Bayan wata guda Baturen ya zo. Bai sauko fadama ba, daga bakin hanya ya hango kore ya cika fili, ya fi na maƙwabta tsayi. Ya dafa kafaɗata, ya ce da irina ƙasar nan za ta ci gaba. Bulama ma ya gyaɗa kai, har da cewa madalla.

Da kaka ta yi, gonakin maƙwabta suka sunkuya da nauyin zangarniya. Tamu ta gwaji tana tsaye ƙyam. Tsohuwar ta bi ta da ƙwarya tana kaɗe 'ya'yan sabe, abin da ba a ci sai a shekarar yunwa.

Ranar da na biyo ta ƙofar gidanta, ta tare kekena, ta shimfiɗa min tabarma kamar babban baƙo. Ta kawo wani tuwo baƙi-baƙi mai tsakuwa, jikokin suna zaune a gefe da nasu.

"Ci, ɗana, nomanka ne. Mu shi za mu ci har damina."

Na ci, tana tsaye a kaina. Da na haɗiye lomar ƙarshe ta ɗauki kwanon, ta ce, "Baɗi gonar wa za ka gyara? Faɗa min, in gaya musu tun yanzu."