Duba-garin da Gwamnati Ta Rasa Inda Za Ta Ajiye

Kafin motocin Abuja su gama kwasar lodin farko a tasha, Malam Fakhruddeen ya riga ya ɗaure dogon ludayinsa a bayan keke. Da shi yake ɗebo ruwan randunan mutane ya ɗaga wa haske, ko zai ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil. Daga randa sai rijiya, daga rijiya sai salga, sannan ya bi kwata har inda ta zube. Matan Suleja sun haddace ƙararrawar kekensa. Suna jin ta, tsintsiya za ta tashi aiki ko a gidan da aka daɗe da gaba da shara.

Kowa ya san namiji baligi ba ya wuce zauren gidan wani, amma kakin duba-gari yana wucewa. Idan ya yi sallama a cikinsa, mai gida kan leƙa ya ce wa iyali su kintsa, hukuma za ta shigo. A wurin mutane ba Fakhruddeen ne ya shiga ba, gwamnati ce.

Sai aka wayi gari gwamnatin ta rasa inda za ta ajiye shi. Da aka dawo da babban birni Abuja, jama'a suka yi wa Suleja caa, duk mai ɗan fili ya hau gina ɗakunan haya, datti ya fi ƙarfin ofis ɗaya. Aka kafa wani kwamitin tsafta na wucin gadi, aka ari Malam zuwa can. Ba a jima ba aka rushe kwamitin, ba wanda ya tuna da mayar da kayan aro. Ya je hedikwatar jiha a Minna, aka ce ai tun da aka ba da shi ya zama na ƙaramar hukuma. Ya dawo gida, aka ce ina, jiha ce ta ɗauke shi tun farko. Wani babba ma ya ce masa ma'aikatan kwamiti ba sa cikin ma'aikatan gwamnati, da Malam ya tambaya to cikin su wa suke, sai mutumin ya tuna yana da taro. Abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya a kai: kada ya sake sa kaki sai an tantance matsayinsa.

Ya ninke kakin ya sa a akwati, ya ci gaba da fita da kaftani. Kasuwa da bakin titi ba su gagare shi ba. Gidaje ne suka rufe, kuma a cikin gidaje rijiyoyi suke.

A daminar 1995 wata 'yar haya mai suna Stella, mai sayar da manja, ta tare kekensa a unguwar Iku idonta jawur.

"Oga duba-gari, abeg zo ka gani. Pikin ɗina, 'yata Kosisochi, tun jiya amai da zawo. Yaran gidan duka haka."

Ya ce ta haɗa wa yarinyar ruwan gishiri da sukari ta ruga da ita asibiti, shi kuma ya nufi gidan. Ɗakunan haya suna daga waje, rijiyar da kowa ke sha tana can ciki wajen iyalin mai gida. A ƙofar zaure ya tarar da mai gidan, Alhaji Lukuman.

"Malam, ina ganin girmanka," in ji Alhaji, "amma da sunan wa za ka shiga? Jiha ko ƙaramar hukuma?"

"Wallahi Alhaji, ban sani ba."

"To ni kuwa iyalina na ciki."

Gaskiya Alhaji bai faɗi abin da ba haka ba, ko da yake tsoron a rufe rijiya 'yan haya su watse ma yana ransa. Malam ya zauna a dakali da ludayi a cinya, kansa ya ɗaure tamau. Kakin na nan a akwati, da zai koma ya sa ba wanda zai ce uffan. Amma an hana shi, kuma ya ga mai hana mutane ɓoye ƙazanta bai kamata ya shiga gidansu da ƙarya a jikinsa ba. In kuma ya tafi, yaran za su ci gaba da shan ruwan nan. Ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Waɗanda suka gan shi ranar sun ce ba su taɓa ganin babban mutum ya rasa abin yi haka ba.

Ana cikin haka sai ga Hajjo, mahaifiyar Alhaji, ta dogaro sanda ta fito.

"Lukumanu, me ya zaunar da bawan Allah a ƙofa kamar mai jiran sadaka?"

"Inna, duba-gari ne, amma yanzu ba a san ko na gwamnati ba ne."

Alhaji ya shiga yi mata bayanin Minna da kwamiti, ta saurara har ta gaji.

"Ni duk ban gane ba," ta ce. "Gwamnati ta ce ba ta san ko nata ba ne? To ni ina so. Fakharu, daga yau ɗana ne kai. Tashi ka shigo ka gaishe ni a ɗakina. In ka ga rijiya a hanya, ka leƙa."

Alhaji ya matsa gefe.

Abin bai ɗauki lokaci ba. Sabuwar salgar da aka haƙa wa 'yan haya tana jikin katanga daga tudu, ruwan sama ya jiƙa ƙasa, tana tsiyaya cikin rijiyar. Malam ba shi da ikon ba da umarni, don haka roƙo ya yi. Hajjo ce ta mayar da roƙon umarni, kuma Alhaji da hannunsa ya ɗauko kwanon rufi ya rufe bakin rijiyar.

Labari ya bazu. Daga Iku har Chaza, duk gidan da mai gida ya tsaya tambayar takarda, sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce ɗanta ne. Yau ba na jin akwai wanda ya kai Malam yawan uwaye a ƙasar Suleja.

Kai ne, Malam, wanda aka raba da kaki amma aka kasa raba shi da aiki. Kai ne mai ludayi, dodon ƙazanta. Ba ka taɓa cewa ka san matsayinka ba alhali ba ka sani ba, kuma ba ka fake da rashin sanin ka kwanta a gida ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da ke sa sabon kaki yanzu, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin yi muku magana.

Bana shekarunsa suka kai na barin aiki, sai dai ba ofishin da ya yarda shi ne zai sallame shi. Mutanen Iku suka gaji da jira suka shirya masa walima da kansu, masu gida da 'yan haya. Bayan an yi addu'a ya jawo ni gefe, fuskarsa cike da damuwa.

"Kai da kake rubutu a jarida, gaya mini. Yanzu na yi ritaya ke nan, ko ban yi ba?"

Ban sani ba, Malam, kuma abin yana mini ciwo. Abin da na sani shi ne yarinyar da ta miƙo maka ruwa a wurin walimar nan da kayan makaranta a jikinta, Kosisochi ce.