Baƙin Mama a Gidan Lozells

A shekarun da muka zauna a Birmingham, maigidana yana aiki a babban asibitin Edgbaston, ni kuma na samu aiki a wani gida a Lozells. Gidaje biyu ne na jan bulo, irin waɗanda ke jere manne da juna, aka fasa bangon tsakaninsu suka zama ɗaya. Council, wato ƙaramar hukumar garin, ita ce ke turo mana matan da suka rasa wurin kwana, su zauna har a samo musu muhallin kansu. Yawancinsu 'yan Afirka ne ko 'yan Jamaika da maƙwabtanta, kuma don su aka buɗe gidan. Tukwanen masu cin halal daban suke, akwai ɗan ɗakin da kowace ke shiga ta yi ibadarta, kuma ba mai yatsina fuska don an saka daddawa a miya. Aikina in raka su wurin GP, wato likitan unguwa, in kira council in yi ta jira a waya, in zauna da wadda ranta ya ɓaci har ta huce.

Wata safiya cikin hunturu aka kawo mana wata dattijuwa, gajera, ta haura sittin, kayan jikinta a goge tsaf. Manajarmu, wata haifaffiyar Birmingham da iyayenta suka zo daga Jamaika, ta yi mata 'yan tambayoyi, ta amsa da Turanci a gajarce. Aka ce in kai ta ɗakinta. Da na ɗaga akwatinta na ji nauyi, ban san sanda na ce, "Wayyo bayana!" ba.

Ta juyo ta dube ni. "Ke Bahaushiya ce?"

"E, Mama. Daga Zariya. Sannu da zuwa."

"Ni daga Jos," ta ce. Na zaci za ta yi murna, sai na ga fuskarta ta canja. Muna shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta ce, "Wa da wa kika sani a garin nan?"

Na gaya mata dokar aikinmu ce, abin da na gani a gidan nan ba ya fita da ni, ko maigidana bai san waɗanda ke ciki ba. Ta dube ni ta ce, "To, 'yata. Ki riƙe min wannan amana."

Daga ranar Mama nake kiranta, har sauran matan gidan suka ɗauka, waɗanda ba su jin Hausa ma haka suke ce mata. Sannu a hankali na ji labarinta. Ta yi shekaru tana kula da tsofaffi a gidajensu, tana ɗaga su tana kwantarwa, har ƙugunta ya ƙi. Tana cikin jinya mai gidan da take haya ya sayar da gidan. Ta kwana a kujerar wannan, ta kwana a ta waccan, duk abokan aiki ne, ba 'yan gida ba. Da wuraren suka ƙare sai ta koma wuni a laburare da tashar jirgin ƙasa, inda akwai ɗumi. Mijinta ya rasu tun a Najeriya. Ɗanta ɗaya yana Jos da iyalinsa, kuma a saninsa uwarsa tana nan lafiya a flat ɗinta.

'Yan cocinsu ma haka suka sani. Kowace Lahadi takan ɗaura zani da ɗankwali mai tsayi, ta ɗauki sandarta da Littafi Mai Tsarki, ta wuce tashar bas da ke bakin layinmu ta tafi ta gaba don kada a gane inda take fitowa, can take hawa zuwa Perry Barr, inda cocin yake. In muka haɗu a shagon kayan miya, gaisuwar ido kawai muke yi. Amma a cikin gida, ba wadda ta kai ta hira. Ita ta koya min gwaten acha, da yakuwa da gauta in an samu, in ba a samu ba da alayyahon kanti. Tana tuƙawa tana yi min dariya wai mu mutanen Zariya ba mu san komai ba sai tuwon masara. Ni kuma ina tsokanarta da Hausarta ta Jos, wadda mace da namiji duk "ya zo" ne. Da azumi, ita da ba ta yi, ita ce ke tsayawa a kicin tana duba agogo, tana faɗa wa wata Basomaliya da ke ɗakin kusa da nata ta zo ta zauna haka nan, shayi ya yi.

Da bazara aka yi mata aikin ƙugu a asibitin Edgbaston. Muka mayar da ita ɗakin ƙasa saboda matakala. Lahadi ta zo ta wuce ba a gan ta a coci ba, wata ma ta wuce, sai waya ta fara ƙara. Matan zumunta ne, ƙungiyar matan cocinsu, suna son zuwa dubiya. Ta ce musu tana jinya a gidan wata 'yar'uwarta a Lozells. Suka ce ai shi ke nan ma, a ba su adireshi.

Ta aika a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado, wayar a cinyarta.

"'Yata, za ki yi min wani abu. Ranar Asabar za su zo. Ki ce gidanki ne, ni ƙanwar babarki ce."

"Mama, ni da hijabina, ke da Littafinki?"

"A Jos wane gida ne babu haka?"

Gaskiyarta ce, sai da na yi dariya. Amma na ce mata ba zan iya ba. Ba zan buɗe baki in gaya wa kowa komai ba, ko an tambaye ni, amma ba zan ce gidana ne ba. Ko na faɗa ma, ga ofis a bakin ƙofa, ga allon sanarwa, ga littafin da kowane baƙo ke sa hannu. Ta ce a cire su na yini ɗaya. Na je na tambayi manaja, don na yi mata alkawarin zan tambaya. Manaja ta ce allon za a iya rage masa takardu, amma takardar gargaɗin gobara da littafin baƙi suna nan. Ta ƙara da cewa falo na Mama ne ranar, ba wadda za ta kunna talabijin.

Kwana biyu Mama ba ta yi min magana ba. In na kai mata magani sai ta karɓa ta ce "thank you", kamar ranar da ta zo. Abin ya dame ni ƙwarai. Basomaliyar nan ce ta shiga wurinta, da guntun Turancinta. Ban san me suka tattauna ba, na dai ji muryoyinsu sun ɗaga, sannan suka yi shiru. Da yamma Mama ta kira ni ta ce, "Ki sayo min acha da gyaɗa. Baƙi ba za su zo su tafi da yunwa ba."

Ranar Asabar tun da safe gidan ya kaure da aiki. Aka share falo, aka kwaso kujerun ɗakuna. Wata tsohuwa 'yar Jamaika, wadda ba ta cika fitowa daga ɗakinta ba, ta sauko da ƙyallen teburinta mai aikin hannu ta shimfiɗa. Mama tana kujera a ƙofar kicin tana ba da umarni, ni ina tuƙi.

Bayan azahar suka iso, mota biyu, duk cikin anko. Uwar zumuntar doguwa ce mai tabarau, nas ce da ta yi ritaya. Na buɗe musu, na gaishe su da Hausa, suka amsa da murna. Na miƙa wa uwar zumuntar biro. Ta dubi littafin, ta dubi allon, ta dubi ƙofar ofis, ta sa hannu. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Sun zo da tulun da suke kiɗa da shi, wanda aka taho da shi daga gida naɗe cikin zannuwa. Bayan gaisuwa ɗaya ta fara bugun bakinsa, wata ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Rabon da in ji mata da yawa suna waƙa da Hausa tun ina yarinya, lokacin da ake aikena wajen Wusasa ranar Lahadi, in riƙa jiyo su ta tagar coci ina rage sauri. Ban san hawaye na zubo min ba sai da Basomaliyar ta miƙo min gefen mayafinta. Matan gidan duk suka sauko suka cika matakala. Tsohuwar 'yar Jamaika ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta fi kowa tafi.

Da aka gama addu'a, aka ce Mama ta yi magana. Ta gyara zama, ta kafa sandarta a gabanta.

"Na yi muku ƙarya," ta ce. "Wannan ba gidan 'yar'uwata ba ne. Gidan waɗanda ba su da gida ne. Tun kafin Kirsimeti nake nan. Kafin nan kuma, Ubangiji ne kaɗai ya san inda na kwana."

Uwar zumunta ta cire tabarau ta ajiye a cinya.

"Tun kafin Kirsimeti?" ta ce. "Kina zuwa kina zama kusa da ni, muna waƙa daga littafi ɗaya? Ɗakin ɗana tun da ya tafi jami'a babu kowa a ciki, akwatuna na zuba. Haba, Yaya! Me muka yi miki?"

Faɗa take yi sosai, tana yi tana kuka. Mama ta sunkuyar da kai ta ce kunya ce. Ita da ake kawo wa matsala ta warware, ita da ta karɓi rabinsu a filin jirgi, da wane baki za ta ce ba ta da wurin kwana? Uwar zumunta ta ce ta haɗa kayanta yanzu su tafi. Mama ta girgiza kai. Ta ce ta gaji da kwana a ɗakin mutane, a nan za ta jira har council ta ba ta makullin kanta, kuma tana da mutane a nan. Aka yi ta ja, ba ta sauya ba. Daga ƙarshe na shigo da gwate, aka ci, 'yan cocin da matan gidan a haɗe, wasu a kujera wasu a ƙasa.

Ba duka ne suka ɗauki abin da kyau ba. Akwai wadda ta ƙi cin komai, jakarta a ƙirji har suka tafi, kuma Mama ta ce daga baya maganar ta zaga inda ba ta so. Amma daga wannan makon, kowace Lahadi mota ke tsayawa a ƙofarmu ta ɗauke ta. Da kanta ta kira ɗanta ta gaya masa. Ni na riƙe mata wayar don ya ga fuskarta, na kau da kaina gefe har suka gama.

Sai da wani hunturun ya zagayo kafin ta samu flat, a ƙasa, cikin gidajen tsofaffi a Perry Barr. Ba a daɗe ba maigidana ya samu canjin aiki muka dawo Manchester. Har yanzu irin aikin nake yi, a wani gida mai tsari da sababbin kaya, amma ban sake zama a wurin da ya shiga raina kamar na Lozells ba.

Bara matan zumuntar suka zo wani taro a nan, ta kira ni na je na ɗauko ta. Ta ƙara tsufa, tafiyarta ta ragu. 'Ya'yana suka durƙusa suka gaishe ta, suka ci gaba da Turancinsu na Manchester, ta ce ita ba ta gane ko rabi ba, a kawo tafinta. Ta ci abinci, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta tambayi lafiyar mahaifiyata. Muna cikin hira barci ya ɗauke ta a kujera. Na lulluɓa mata bargo na bar ta, har sai da uwar zumunta ta bugo waya tana cewa motarsu na shirin tashi, ina muka shiga.