Wanda Ya Tashi An Cinye Shi

Gaban rumfata ta faci a Ƙanƙara akwai wata bishiyar bedi, a gindinta Baba Ɗanhausa ke tona gidajen dara kowace safiya. Wanda bai san shi ba zai ce tsoho ne da ya rasa aikin yi. Ni ma haka na ce da farko, har na kore shi don yana tare mini wurin ajiye tayoyi. Yanzu ni ke yayyafa masa ruwa ƙasar ta yi laushi.

Bamaguje ne, daga wata 'yar unguwa da ke bayan 'Yargoje, wadda ake kira Gidan Ɗanlahadi da sunan mahaifinsa. Manomi ne na gaske, irin waɗanda tafin hannunsu ya fi tayar da nake liƙewa kauri. Su biyu uwarsu Asibi ta bari, shi da ƙanensa Nasara. Nasara ya shiga coci ya auri Rifkatu, Ɗanhausa ya tsaya kan abin da ya tarar iyayensa na yi, kuma wannan bai taɓa raba su ba. Dara ce kaɗai ke haɗa su faɗa.

Tun suna kiwon awaki suka fara. In Baba Ɗanhausa na ba da labarin lokacin, fuskarsa sai ta koma ta yaro. Akwai wata ɗorawa a bakin gonarsu, nan suke tona gida talatin da diddige da yatsa. Shi ya ɗauki ƙwallon aduwa goma sha biyu, Nasara ya kakkarya kara goma sha biyu, a zuba, a shiga turawa. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokinsa ɗaya. Awaki su faɗa gonar mutane, Asibi ta zo da tsumagiya, su sha duka, gobe su koma. Ya ce mini lido da kati da abin da yara ke dannawa a waya duk ya gani, babu wanda ke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Dokar gidansu ɗaya ce: wanda ya tashi daga kan dara ba a gama ba, an cinye shi. Ko fitsari ya matse ka, ko cinnaka ya shiga wandonka, ka daure.

To, Baba Ɗanhausa gwani ne, amma gwani mai rinto. Duk ranar da ya ga ƙanensa na neman cin galaba, sai ya zabura. "Ga Inna nan da bulala!" Nasara ya miƙe a guje, shi kuwa ya zauna yana dariya, ya ce ai wanda ya tashi an cinye shi. Wata rana maciji ne, wata rana zuma ce ta taso, wata rana gobara. Suka girma, suka yi aure, suka yi furfura, bai daina ba. Nasara kuwa mutum ne mai saurin yarda, kullum sai ya faɗa. Har tsufansu bai taɓa cinye yayansa ko sau ɗaya ba, kuma duk unguwar an san haka, ana tsokanarsa da shi a wurin biki.

Ranar da abin ya faru, bayan an gama yankan dawa ne, da la'asar, suna gindin ɗorawar nan. Nasara ya haɗa doki. Doki shi ne jerin da in ka matsa ɗa guda ka ci, ka maido shi ka sake ci, abokin wasa na kallo har a share shi. Ya miƙa hannu zai tura. A daidai lokacin Baba Ɗanhausa ya ji ƙugin babura daga yamma, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Nasara, tashi! Su ne! Ɓarayin daji ne!"

Nasara kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ƙarya kake, Yaya. Yau kam ba ni tashi."

"Na rantse da kabarin Inna, tashi mu tahi!"

"Ai da kabarin ka rantse ran zuma."

Ya ja rigarsa, Nasara ya fizge yana dariya, ya dafe ƙasa da hannu biyu don kada a watsa masa wasa. Da harbi ya tashi, ƙafar Baba Ɗanhausa ta yi abin da ƙafa ke yi. Daga cikin karan dawa ya hango an ɗora ƙanensa kan babur.

Ba zan ba da labarin abin da aka sayar da wanda aka roƙa don haɗa kuɗin fansa ba, duk ɗan yankin nan ya san shi, kuma raina ɓaci yake in na tuna. Unguwar ta watse. Baba Ɗanhausa da Rifkatu suka samu wani kango bayan rumfata suka raɓa. Damina ta zo ta wuce ba su shuka ko ƙwaya ba. Baba Ɗanhausa ya bi Sheme, ya bi Faskari, duk inda aka ce an sako mutane sai ya je ya duba fuskoki. A ƙarshe a Sabuwa ya samu Nasara, zaune bayan wata makaranta, wasu bayin Allah na ba shi kunu.

Jikin Nasara ya dawo, amma shi bai dawo ba. Ba ya magana. Rifkatu ta durƙusa gabansa tana kiran sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ya dube ta kamar wadda ta zo tallar abin da ba ya so. An kai shi asibiti an ba da ƙwayoyi, fasto ya yi addu'a, limamin unguwarmu ya yi tofi, wani ɗan uwansu ya kawo saiwoyi. Kullum ƙara ramewa yake yi. Rifkatu ta ce mini, "Malam Gide, gara a ce ya mutu in yi kuka in gama, da in riƙa ba baƙo tuwo da sunan mijina." Ta faɗa, sannan ta toshe bakinta da gefen zane.

Shi ya sa Baba Ɗanhausa ke tona gidajen nan. Bai manta yadda wasan ya tsaya ba, ko gida ɗaya. Yana jera ƙwallayen aduwarsa inda suke, ya jera karan ƙanensa, ya haɗa masa dokinsa, sannan ya kamo hannunsa ya zaunar da shi.

"Malam Gide," in ji shi, "turi guda ya rage mashi. In ya ci, shi san ni. Ni na tsaida shi can, dole ni in tashe shi."

Kuma wallahi Nasara na kallon darar. Ita kaɗai ce abin da idonsa ke tsayawa a kai. Wani lokaci yatsunsa su fara motsi, su doshi karan. Sai babur ya taho. Da ya ji ƙugin, zumbur zai miƙe, ya ruga kangon ya cusa kansa bayan buhuna. Mutumin da ya ƙi tashi ran da ya kamata, yanzu ba ya iya zama. Ga shi Allah ya haɗa su da rumfar mai faci, inda babura ke wuni. Na yi faɗa da 'yan acaɓa har na gaji, na ce duk mai son faci ya kashe mashin daga bakin kwalbati ya turo. Wasu sun ji, wasu sun koma wajen wani mai facin, su je, Allah ya raka taki gona. Amma titi ba nawa ba ne, ba ni da ikon tsayar da garin Ƙanƙara.

Kullum ina jin muryar tsohon nan tana bin bayan ƙanensa. "Zamna, ba su ba ne! Nasara, ba su ba ne!" Muryar har ta dishe.

Ranar Talatar da ta wuce, hannun Nasara ya kai kan karan. Ya ɗaga shi. Na ajiye abin da nake yi, Rifkatu ta tsaya da tulu a kai. Sai ga wani ɗan acaɓa, Muttaka, ya shawo kwana da gudu kamar an biyo shi. Nasara ya saki karan ya miƙe. Baba Ɗanhausa ya rungume ƙafafunsa yana jan gwiwa a ƙasa, gidajen darar duk suka rushe.

"Don Allah zamna! Muttaka ne, ɗan gidan mai nama! Na rantse da kabarin Inna ba su ba ne!"

Nasara ya tsaya. Ya sunkuyo ya dube shi, dubawa ta sosai, irin wadda bai yi wa kowa ba tun da aka kawo shi. Sannan ya buɗe baki.

"Ƙarya kake, Yaya."

Ya fizge ƙafarsa ya ruga kangon.

Tulun Rifkatu ya faɗi ya fashe. Baba Ɗanhausa na durƙushe cikin ruwan da ƙasar, yana kuka yana dariya, ya kama bakin wandona yana girgizawa.

"Ka ji? Malam Gide, ka ji mi ya ce? Yaya ya ce mani!"

Na ce na ji, Baba. Ya share fuska da hula, ya tsince ƙwallayen aduwarsa daga cikin caɓi, ya matsa inda ƙasa ta bushe, ya fara tona gidan farko.