Kar-Ka-Motsa da Mutumin Lema

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga shi nan tafe: Babban Kwamandan Ƙeya, Shugaban Rundunar Almakashi, mutumin da babba da yaro ke sunkuyar wa da kai ko suna so ko ba sa so, wanda ya taɓa kama kunnen alƙali ya lanƙwasa, alƙalin bai ce uffan ba. Fadarsa wani ɗan shago ne tsakanin mai cajin waya da mai gyaran takalma. Kujerar mulki ɗaya ce a ciki, ita ma ba shi ke zama a kai ba. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Yaran layin suka raɗa masa Kar-Ka-Motsa, domin ita ce gaisuwarsa, ita ce kuma sallamarsa. Manya kuwa Baba kawai suke ce masa.

Mai aski ne, kuma askin yara ya fi shahara da shi. A shagon akwai madubi mai tsaga a kusurwa, da benci mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da kwali, da injin aski biyu: ɗaya mai hankali, ɗaya mai cizo. A saman madubin kuma akwai kanta, a kan kantar akwai littattafai, kuma su ne maganarmu.

Littattafan zane ne na barkwanci, duka hannun mutum ɗaya. Na farkon wani ne ya manta da shi a kan benci, bai dawo nema ba. Baba ya buɗe don ya yagi takardar goge reza, sai ya ci karo da wani yaro mai manyan kunnuwa, ya juya baya, yana zana ƙofa da gawayi a jikin bango. A shafi na gaba yaron ya buɗe ƙofar ya shige abinsa. Rezar ranar dai da gefen riga aka goge ta.

Sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ba ya tambayar suna. Kunnen yaron kawai yake nema, in ya gan shi ya ɗauka. Ya ga yaron ya mai da kwali mota, ya mai da silifas jirgin ruwa, ya zana wa kyanwa fukafukai ta tashi ta bar shi da baki buɗe. In ka tambayi Baba me ya gani a jikin mai zanen, sai ya ajiye almakashi, abin da ba ya yi wa kowa.

"Wannan mutumin ya san ƙeyar yaro," in ji shi. "Dubi nan. Layi ɗaya ya ja, amma ka san yaron fushi yake yi. Dubi wannan kuma, ƙeyar mai shirin ɓarna ce. Ni da na tsufa ina kallon ƙeya, na san wanda ya kalle ta da gaske. Hannunsa ba ya rawa. Da aski ya koya, da mun shiga uku."

To, ga inda gizo yake saƙa. Baba da makaranta sun ga juna kwana kaɗan, ba su saba ba, kowa ya kama gabansa. Zane yana karanta shi sarai. Amma 'yan balan-balan ɗin nan da ke fitowa daga bakin mutane, waɗanda ake cusa magana a ciki, shi dai tururuwa yake gani a jere. Bai taɓa cewa ya iya karatu ba. Bai kuma taɓa cewa bai iya ba. Wata rana ce wani yaro ya cika shagon da ihu, ya ƙi yarda inji ya taɓa shi, Baba ya ɗora masa littafin a cinya. Yaron ya haɗiye kuka, ya nuna balan-balan ya ce, "Me ya ce?" Baba ya ɗora bakin mataji a kan rubutun, ya ja shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Yaron ya yi tsit har aka gama.

Daga nan abin ya zama sana'a cikin sana'a. Iyaye suka riƙa tsallake shaguna masu talabijin su kawo 'ya'yansu wurinsa. Su suna benci suna latsa waya, ba mai leƙa shafi. Yaron littafin ya samu suna, Kunnuwa. Kuma tunda labari ba ya daɗi sai da mugu, Baba ya samo mugu.

Akwai wani dogon mutum mai lema a littattafan. Kullum yana bayan Kunnuwa, ko a gindin taga, ko a bakin kwandon shara, yana tsince takardun da yaron ya dunƙule ya jefar, yana cusawa a aljihu. Baba ya dube shi sau ɗaya ya yanke masa hukunci: ɓarawon zane. Ya ba shi murya ta hanci. Ya koya wa yara su yi masa tsaki in ya bayyana. A littafi na ƙarshe akwai shafin da Kunnuwa ya buɗe wani ɗaki ya tarar da bango cike da takardunsa an miƙar an manna, ya tsaya yana hawaye. Baba ya ce ma'ajiyar ɓarawo ce aka bankaɗo. Akwai yaran da yanzu suka yi gemu, har gobe in suka ga dogo da lema sai sun taɓa aljihunsu.

Sai Allah ya kawo Tsinke. Jikarsa ce, 'yar 'yarsa, siririya kamar sunanta. A wannan zangon ne karatu ya buɗe mata, ta zama annoba: allon shago, bayan mota, ledar sabulu, ba abin da ke wucewa ba ta karanta shi da ƙarfi ba. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a koma makaranta uwarta ta zo da ita, shago ya cika har waje. Baba yana tsakiyar kan wani yaro, littafi a buɗe, mataji a kan balan-balan.

"Sai Mai Lema ya ce," Baba ya toshe hanci, "'Yawwa, na samu! Wannan ma wuta zan kai shi!'"

Yara suka ja tsaki. Tsinke ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa.

"Kaka, ba haka ba ne."

"Tsohuwa, koma ki zauna, haƙoranki ma ba su cika ba."

"Wallahi ba haka ba ne. Ya ce," ta ɗora yatsa, tana ja kamar mai jan guga, "'Wan-nan ma zan a-ji-ye. Ɗa-na ya-na za-ton ya ɓa-ta, bai san ya fi na ji-ya ba.'" Ta ɗago tana murna. "Babansa ne, Kaka! Ba ɓarawo ba ne!"

Waya ta sauka daga fuskar kowa. Wani uba ya miƙa wuya ya duba shafin, ya mai da wuyansa, ya kama tarin da ba shi da shi. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Ɗan Caji na tsaye a bakin ƙofa, saurayin shagon gefe, wanda bakinsa ya riga hankalinsa girma.

"Kai! Baba, ashe duk shekarun nan kai ne kamfanin buga littafin!"

Dariya ta fashe. Injin mai cizo ya zame ya buɗe titi a tsakiyar kan yaron, tun daga goshi. Uwar Tsinke ta finciko 'yarta ta yi waje da ita, ana jin muryarta har ƙarshen layi: "Ke wa ya tambaye ki? Kakanki za ki tozarta a gaban mutane?"

Baba ya gama askin ranar bai ƙara cewa ko kar ka motsa ba. Da ya rufe shago ya kwashe littattafan ya zuba a buhu, ya tura ƙarƙashin benci.

Kunyar mutane ya ɗauka ita ce babba. Ya riƙa zuwa shago ta bayan layi. In uba ya gaishe shi da fara'a, sai ya ji kamar da biyu. Amma wannan kunyar tana da magani, kwana take so. Wadda ta hana shi sakat ta Mai Lema ce. Ya zaro littafi na ƙarshe shi kaɗai, ya buɗe shafin ɗakin nan, ya ga abin da ya kasa gani: kowace takarda an miƙar da ita da kyau, an jera su daga ƙarama zuwa babba, ga kuma lemar a jingine bayan ƙofa kusa da takalman Kunnuwa. Shi da yake alfahari da sanin ƙeya, ga ƙeyar uba a gabansa shekara da shekaru bai gane ta ba.

"Bawan Allah yana bin ɗansa yana tsince masa takardu," ya ce wa mai gyaran takalma, "ni kuma ina tara masa 'yan tsaki."

"Baba, zane ne fa."

"Zanen ma yana da haƙƙi."

Yara kuwa suka koma ihu a kujera. Bai damu ba. Abin da ya dame shi a gida ya same shi. Tsinke ta daina zuwa shago. In sun fita tare, su wuce allo bayan allo, bakinta a rufe gam, idonta a ƙasa. Uwarta ta ce malamar ajinsu ta aiko tana tambaya ko lafiya, yarinyar da ke rigan kowa ɗaga hannu yanzu ko an kira ta ba ta tashi. Baba ya ɗauko kwalin maganin tarinsa ya miƙa mata.

"Tsohuwa, duba mini, sau nawa aka ce a sha?"

Ta karɓa. Ya ga idonta ya bi layin ya kai ƙarshe. Ta miƙo masa.

"Ban iya ba, Kaka."

Nan ne ya gane. Yarinya ta ɗauka karatu rashin kunya ne, kuma saboda shi. In ya ci gaba da rufa wa kansa asiri, bakinta zai rufe tare da shi.

Asabar ta gaba shi da kansa ya je ya riƙo hannunta. Uwar ta ce, "Baba, ka bar ta, ta ji kunya ta isa." Ya ce, "Ba tata ba ce, aro ta yi." Ya bari sai da benci ya cika, har da uban nan mai tarin ƙarya. Ya jawo buhu, ya kakkaɓe littafin, ya kife bokiti kusa da kujera ya ɗora Tsinke a kai. Sannan ya miƙa mata matajin.

Ta maƙe kafaɗa.

"Karɓi," ya ce, da ƙarfin da na waje ma zai ji. Wuyansa ya jiƙe da gumi. "Ni tururuwa nake gani a ciki. Ke ce mai ganin magana. Faɗa mini abin da mutumin nan yake cewa, na daɗe ina sa masa baki."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Tsinke ta dubi ƙofa kamar mai neman uwarta. Ta dubi kakanta. Ta ɗora matajin a kan balan-balan, murya kamar ta sauro, ta fara. Ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, ta koma baya, ta haye. A shafi na biyu muryar ta fito. A na huɗu har ta fara yi wa kyanwa murya.

Gaskiya dai, labarin ainihi bai kai na Baba duka da guje-guje ba. Yaron da ke kujera ya gaji da jira, Mai Lema na bayyana ya ja tsaki kamar yadda aka koya masa.

"Kai!" Baba ya kashe inji. "Wanda ya ƙara yi wa mutumin nan tsaki a shagona, sai na aske shi tas har gira."

"Ai kai ka ce ɓarawo ne!"

"Na ce. Yanzu ga mai karatu ta ce ba haka ba."

Ya kunna inji ya ci gaba, kunnensa na wajen bokiti. Da ta zo shafin ɗakin, ta karanta abin da uban ya ce wa ɗansa, cewa bai taɓa zubar da ko ɗaya ba, sai Baba ya daɗe yana kakkaɓe wuyan yaron da buroshi, wuyan da babu ko gashi ɗaya a kai.

Ɗan Caji, wanda tun ranar nan yake zagaye ƙofar shagon kamar kazar da ta fasa tulu, ya ga dama ta samu. Ya shigo ya cire hula, ya dafa ƙirji.

"Baba, wallahi yau ka tashi daga mai aski ka koma gwarzo. Da mai zanen nan zai ga abin da ka yi, da ya zana ka a bangon littafi, da almakashinka da komai, duniya ta san ka. Ni kaina tsigar jikina tashi take yi. Ka ce wani abu, Baba, tarihi yana saurare."

Baba bai ɗago ba.

"Matsa daga ƙofa, ka tare mini haske."