Karkataccen Yatsan Benvenuta

Duk wanda ya taɓa shiga gidajen manyan Ferrara ya ga hannun maƙwabciyata Benvenuta, ko bai sani ba. Matan manya ai ba sa zama a gama zana hotonsu. Fuska kawai suke bayarwa su tashi. Hannun da za a cika wa zobba kuwa na Benvenuta ne, shi ne sana'arta a wurin Maigida Taddeo mai zane. Hannu sumul, sai dai ƙaramin yatsan hagu a karkace yake, ƙofa ta datse shi tun tana yarinya. Kullum Taddeo sai ya miƙar da shi a zane.

'Yarta ɗaya tal, Nencia, an tafi da ita Napoli cikin 'yan aikin amarya lokacin da Uwargida Kassandra ta aurar da ɗiyarta. Bayan nan annoba ta faɗa layinmu, aka baza cewa ba wanda ya tsira. Benvenuta ta san 'yarta na can tana mata kukan mutuwa, abin yana cinta. To wa zai kai saƙon talaka har Napoli?

Sai Uwargida ta sa a zana ta, a aika wa ɗiyarta a Napoli, surukai su san daga gidan da ta fito.

"Maigida, wannan karon ka bar min yatsana yadda yake," in ji Benvenuta.

"Ke, kin haukace? Matar da ta sa na rage mata haɓa ce zan ba karkataccen yatsa?"

"To ga hannun matarka can, kamar ludayi. Zana shi."

Ta yi tafiyarta. Washegari sai ga ta a gidan burodina, ta naɗe hannun riga. Matar da ta yi shekaru ko ruwan zafi ba ta taɓawa, wallahi ita ce ke zaro burodi daga tanda hannu tsirara. Na yi faɗa har na gaji, ko kallona ba ta yi ba. Da labari ya kai wa Taddeo, da gudu ya zo, hula a hannu.

"Fito daga wutar nan, jarababbiya! Na yarda!"

Ya bar yatsan, ya ɗora zobe mai wani ƙaton jan yakutu a na kusa da shi. Uwargida dutsen kawai ta gani, ta ce a ƙara masa ƙyalli.

Aka tafi da zane, shiru. Sai bayan an ci bikin Ista mai dafa abincin gidan Uwargida ta zo sayen burodi tana dariya. Wai Uwargida sai cika baki take wa baƙi: ƙaunar da ake mata a Napoli ta kai har wata 'yar aiki kullum da safe sai ta sumbaci hannunta na hagu a jikin zane tana hawaye.

Benvenuta ta zauna daɓas a kan buhun fulawa.

"Ta gani," ta ce. "Nencia ta san ina da rai."