Mai Shuɗin Fure a Tashar Jirgi

A tashar jirgin ƙasa ta Hereford, idon Clive mai lambu ya ƙi barin wata tsohuwa. Farcenta baƙi ƙirin da ƙasa, kwat ɗinta duk faci. A cinyarta ga tukunyar shuɗin furen nan na duwatsun Himalaya, wanda shi ya yi furfura yana reno yana mace masa. Tana shafa ganyen kamar kan jika. Lalle masaniyar tsirrai ce, in ba haka ba ina ita ina wannan?

"Baiwar Allah, me kike ba shi?"

"Ni? Ba komai, ɗan nan. Bayan bola yake fitowa, har tugewa nake."

Clive ya sa ƙafa, ya tura buhun takinsa mai tsada ƙarƙashin benci.